Kafin Ka Biya a Karanta Maka Senariyo

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kai rubutun senariyo ƙarshe ya san ciwon da ke biyo baya. Ka yi wata shida kana fama, wani a kaye, wani a waya, ka sa aya ta ƙarshe, sai ka waiga ka ga babu mai karantawa. Mai waƙa yana iya miƙewa a fada ya rera, a tafa masa ko a yi masa dariya, nan take ya san matsayinsa. Mai gajeren labari yana iya kawo shi cikin ɗan littafi irin wannan da muke bugawa a fotokopi. Shi kuwa senariyo taswira ce ta fim ɗin da ba a riga an yi ba: shafi casa'in ko ɗari na "ciki, dare" da "waje, rana", da maganganu jere a tsakiyar takarda. Ka ba abokinka, ya riƙe wata biyu, ya maido maka yana cewa "wallahi ka yi ƙoƙari". Ka ba yayarka, ta ce Allah ya sa albarka. Dukansu suna ƙaunarka, amma ba wanda ya gaya maka ko labarin ya tsaya da ƙafafunsa.

Wannan ƙishirwa ta mai karatu ba mu kaɗai ke da ita ba. A Amurka ta daɗe da zama kasuwa, kuma yanzu kasuwar ta biyo mu har cikin wayoyinmu. Ka rubuta kalmar senariyo sau biyu a wurin bincike, gobe tallace-tallace sun cika maka Facebook: turo rubutunka, ƙwararru za su duba maka, shiga dandalinmu, furodusoshi na jiranka. A ƙungiyarmu ta marubuta mun sha gardama a kan wannan, wani lokaci har shayi ya huce. Na ga ya kamata in rubuta abin da na fahimta, domin kuɗin da ake magana a kai ba ƙananan kuɗi ba ne ga ɗalibi, kuma abin da mutum zai iya asara ya wuce kuɗi.

Mu fara da asalin abin. A Holiwud, manyan kamfanonin fim suna samun rubuce-rubuce fiye da yadda shugabanninsu za su iya karantawa. Sai suka ɗauki masu karatu, yawanci matasa ne masu neman shiga harkar, aikinsu su karanta senariyo su rubuta rahoto na ƴan shafuka: labarin a jimla ɗaya, sannan taƙaitawarsa, sannan ra'ayi kan ginin labari da ƴan wasa da maganganu. A ƙarshe hukunci ɗaya cikin uku: a wuce shi, a sake dubawa, ko a ɗauka. Mafi yawan rubuce-rubuce "a wuce" suke samu. Abin lura a nan shi ne wannan rahoto ba don marubuci aka ƙirƙiro shi ba. Don mai kuɗi aka yi shi, don ya san abin da zai saya ba tare da ya ɓata darensa ba. Marubucin ma ba ya ganinsa. Daga baya ne wasu suka ce, to tunda marubuta na mutuwar son jin abin da ake faɗa a kansu, me zai hana mu sayar musu da rahoton?

Sunan da ya fi fice a wannan harka shi ne The Black List. A 2005 wani ma'aikacin kamfanin fim mai suna Franklin Leonard ya tambayi takwarorinsa su faɗa masa senariyoyin da suka fi burge su a shekarar waɗanda ba a riga an mai da su fim ba. Ya haɗa amsoshin ya rarraba, abin ya zama al'ada, kowane Disamba sai jerin ya fito. Fina-finai irin su Slumdog Millionaire da The King's Speech da Argo da Spotlight duk sun bi ta wannan jeri kafin su ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau. A 2012 aka buɗe shafin intanet da sunan, inda kowa daga ko'ina zai iya ajiye rubutunsa, ya biya kuɗin ajiya duk wata, ya kuma biya a karanta a ba shi maki daga 1 zuwa 10. Wanda ya sami 8 ko sama ana tallata shi ga ƴan masana'antar da ke cikin shafin. Amma a kula: jerin Disamba daban, shafin biya daban. Jerin Disamba ba a sayen shiga cikinsa, ƙuri'ar ma'aikatan kamfanoni ce, kuma akasari rubuce-rubucen da suka riga suka shiga hannun wakilai ne ke hawa. Da yawa daga cikinmu idan suka ji sunayen waɗancan fina-finai sai su ɗauka da katin banki aka kai can.

Akwai kuma Stage 32, wanda aka kafa a 2011, kamar Facebook ne na ƴan fim. Shiga kyauta ce, amma darussa da ganawa da furodusa ta ƴan mintuna don ka tallata masa labarinka, wannan da kuɗi. Akwai gasa iri-iri, kowace da kuɗin shiga, wasu kuma su ce ƙara kaza mu haɗa maka da sharhi. Mafi daraja a cikinsu ita ce Nicholl, ta hukumar da ke ba da Oscar, wadda aka fara a 1986: ana zaɓar mutum biyar a mafi yawa, kowanne ya sami dala 35,000 ta Amurka, alhali akwai shekarun da masu shiga suka haura 7,000. Ƙa'idarta kuma ta daɗe tana cewa sai rubutun da aka yi shi da Ingilishi tun asali, ba fassara ba. Akwai wani dandali, Coverfly, inda marubuta suka yi shekaru suna tara maki da matsayi daga gasa daban-daban. A 2025 aka rufe shi. Wanda ya gina sunansa a can ya wayi gari rumfar da ya kafa a filin wani an kwashe ta.

Idan ka duba dukansu da kyau, kaya biyu suke sayarwa a leda guda. Na farko karatu: wani ya zauna ya karanta rubutunka ya gaya maka abin da ya gani. Na biyu ƙofa: begen cewa wani babba zai gan ka. Karatu kaya ne na gaske, kana biya kana karɓa, mai kyau ko maras kyau. Ƙofa kuwa ba wanda ke yi maka alkawarinta a rubuce, kusan caca ce. Amma ita ce ake sa wa fitila a talla, kuma ita ce ke sa ɗalibi ya taɓa kuɗin da bai kamata ya taɓa ba.

Bari mu yi lissafi da kuɗinmu. A shekarun nan farashin The Black List shi ne dala 30 ta Amurka kuɗin ajiya na wata guda, da dala 100 kuɗin karatu ɗaya na dogon fim. Kar wani ya ji "dala" ya yi murmushi, ba dalarmu ta sefa biyar ake nufi ba. Tasu tana kai-komo a wajen sefa 600. Ke nan wata ɗaya da karatu ɗaya sun tasam ma jika tamanin. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 sefa 42,000 ne. Wato aikin lebura na kusan wata biyu, don shafi biyu ko uku na ra'ayin mutum ɗaya da ba ka san sunansa ba. Ba a sa kuɗin fassara ba, ba a sa na mega ba, ba a sa ladan wanda zai ara maka katin banki ba, tunda yawancinmu ba mu da shi. Ga ɗan Amurka mai aiki wannan kuɗin cefane ne na ƴan kwanaki. Gare mu kuwa burs ne da aka jira wata da watanni, ko kuɗin da tsohuwa ta tara a adashe.

To ko da kuɗin sun samu, akwai tambayar da ta fi su nauyi: wane ne zai karanta, kuma da idon wace kasuwa? Ga abin da ya faru da wata ƴar ƙungiyarmu, da izininta nake ba da shi. Ta rubuta labarin wata uwa da ɗanta na fari wanda ya ƙudura tafiya Libiya neman kuɗi. Da Hausa ta rubuta. Ta mai da shi Faransanci da kanta, wani ɗan sashen Ingilishi ya taimaka aka kai shi Ingilishi, ta tura wa wani ƙaramin kamfani na masu duba senariyo. Ba zan kama sunansa ba, kuma ba ya cikin waɗanda na ambata a sama. Bayan sati uku rahoto ya zo.

A cikin labarin, uwar ba ta taɓa kiran sunan yaron ba. "Wannan" take cewa, ko "yayanku". Ranar tafiya ba ta raka shi tasha ba. Ƙanwarsa ta aika da ƙullin kuka da yaji, sai da mota ta yi nisa ya kwance ya tarar da kuɗin adashenta gaba ɗaya a naɗe a tsakiya. Mai karatun ya rubuta cewa uwar ba ta da zuciya, mai kallo ba zai so ta ba. Ya ce rashin kiran sunan ɗan kamar mantuwa ce ta marubuciya, a gyara. Ya ba da shawara a ƙara fage a tasha inda uwar za ta rungume shi, ta gaya masa tana sonsa, ta roƙe shi kar ya tafi.

Ku da kuke karanta wannan ba sai na yi muku bayani ba. Kowa a cikinmu ya san kunyar ɗan fari. Wasunmu su ne ƴan farin, sun girma ba su taɓa jin sunansu a bakin mahaifiyarsu ba, kuma ba su taɓa shakkar ƙaunarta ba. Abin da mai karatun ya kira rauni shi ne ƙashin bayan labarin. Amma ƴar uwarmu ta biya kuɗi masu yawa, takardar ta zo da tambarin kamfani, da Ingilishi mai santsi. Abin da ka saya da tsada yana da wuya ka ce ba shi da gaskiya. Har ta fara rubuta fagen rungumar. Da ta kawo mana, muka ce a karanta tsohon tukuna, da Hausa, da ƙarfi, kowa ya ɗauki ɗan wasa guda. Da aka zo wurin kwance ƙullin nan wurin ya yi tsit. Wani daga cikinmu, wanda yayansa ke Sabha shekara uku, ya tashi ya fita waje sai da aka gama ya dawo. Ba ta sake maganar runguma ba.

Sai dai adalci ya sa in faɗi sauran. Rahoton nan bai zama shara duka ba. Ya ce shafi ashirin na farko ba abin da ke faruwa, hira ce kawai, kuma gaskiya ne. Ya ce abokan yaron su uku duk baki ɗaya gare su, idan ka rufe sunayen ba ka san mai magana ba, wannan ma gaskiya ne, kuma mu da muke tare da ita ba wanda ya taɓa faɗa mata. Har ma kuskurensa ya yi amfani ta wata fuska: ya nuna mata inda baƙo zai yi tuntuɓe. Sai ta ƙara ɗan ƙaramin fage a farko, uwar tana rabon fura tana kiran sauran ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da ta zo kansa ta tura ƙwaryar da ta fi cika ba tare da ta ɗaga ido ba. Yanzu ko wanda bai san al'adar ba zai gane akwai wani abu a nan, kuma ba ƙiyayya ba ce. Mai karatu yana iya nuna maka daidai inda ciwo yake, amma maganin da ya rubuta ya zama ba na jikinka ba. Ka ɗauki nunin, ka nemo maganin da kanka.

Saboda haka ni ban ce biyan mai karatu haramun ba ne. Karatu aiki ne. Wanda ya ba senariyonka awa uku ko huɗu na rayuwarsa ya cancanci lada, kamar tela ko makaniki. Abin da nake cewa shi ne ka san abin da kake saya. Kafin ka tura ko dala ɗaya, ka tambayi kanka: wannan fim ɗin a ina nake son a yi shi, da wane harshe, su wa za su kalla? Idan amsar ita ce da Hausa, a Damagaram ko Kano, don mutanen da ke kallo a waya da tele, to mai karatun Los Anjeles yana auna maka hatsi da mudun wata kasuwa. Ka tambayi kamfanin: wa zai karanta, me ya taɓa yi, ina samfurin rahotonku? Yanzu da manhajojin da ke rubutu da kansu suka yawaita, sharhin da bai ambaci shafi ko fage ko sunan ɗan wasa ba, wanda za a iya manna shi a kan kowane labari, abin tuhuma ne. Kuma kar ka biya a kan rubutun farko. Kurakuran da abokinka zai gani kyauta, asara ce ka biya jika tamanin a nuna maka su.

Akwai kuma waɗanda ba kamfani ba ne ma, mutum ne kawai da hoton kyamara a shafinsa. Ya ce shi furodusa ne, ya ji daɗin labarinka, amma sai ka biya kuɗin rajista ko na "buɗe dosiye". A Amurka ɗin da ake kwaikwayo, wakilan da suka sa hannu da ƙungiyar marubutan fim ba a yarda su karɓi kuɗin karatu ba. Kashi goma cikin ɗari suke ɗauka, shi ma sai an sayar da aikin. Ƙa'idar mai sauƙi ce: wanda ke son yin fim da labarinka shi zai ba ka kuɗi. Idan ya juya ya ce kai za ka ba shi, ba labarinka yake so ba. Kuma kafin cikakken rubutu ya bar hannunka zuwa ga wanda ba ka sani ba, ka ajiye shaida cewa naka ne. Muna da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai, don irin wannan aka kafa shi. Ka fara tura taƙaitawa, cikakken ya biyo baya idan magana ta yi ƙarfi.

Sai batun sanayya, wadda ake ce mana ita ce komai. Gaskiya ne fim ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma intanet ta rage nisa. Amma tara mabiya daban, samun abokan aiki daban. Mutum na iya samun abokai dubu biyar a dandali, ranar da yake neman wanda zai riƙe masa makirfo ya rasa ko ɗaya. Mu dubi waɗanda suka riga mu a ƙasar nan. Oumarou Ganda ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa ta Abijan lokacin da Jean Rouch ya sa shi cikin Moi, un noir na 1958. Da ya dawo Yamai, a wata ƙungiyar masu son sinima ya koyi aikin, ya yi Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Moustapha Alassane da zane ya fara, yana haɗa kayan aikinsa da hannunsa, ya yi shekaru masu yawa a Tawa yana aiki. A zamaninmu Sani Magori ya ɗauki kyamara ya koma garinsu Galmi ya yi fim a kan albasa. Aïcha Macky ta yi karatu a IFTIC a Yamai, ta yi L'arbre sans fruit a 2016, sannan ta koma garinsu ta yi Zinder a 2021 da matasan Kara-Kara. Duniya ta zo ta same su ne saboda sun riƙe abin da ke ƙofar gidansu, tare da ƴan mutanen da suka yarda da su.

Ƙofofin da suka fi kusa da mu ma ba su ɓuya ba. A Wagadugu akwai Ouaga Film Lab tun 2016, inda ake zaɓar ayyukan matasan Afirka a haɗa su da ƙwararru su yi aiki a kan rubutun. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci tana da asusun tallafa wa fina-finai. Irin waɗannan wurare da ingancin dosiye ake shiga: taƙaitawa, bayanin niyya, da ƴan shafukan da ke nuna ka iya. Ga kuma Kano, wadda ta fi Yamai kusa da Maraɗi nesa ba kusa ba. Tun da tashar Arewa24 ta fara a 2014 da shiri irin Daɗin Kowa, da kuma jerin fina-finai masu dogon zango da suka cika YouTube, ana buƙatar labari kowane sati, da harshen da muke mafarki da shi. A nan ne intanet ke da amfani na gaske: ka bi sanarwar neman ayyuka, ka sauke senariyoyin da aka saki kyauta ka ga yadda ake shimfiɗa su, ka sami manhajar rubutu ta kyauta, ka san wa ke yin me a garin da ke kusa da kai.

Amma duk wannan bai kashe ƙishirwar da na fara da ita ba. Har yanzu muna buƙatar mai karatu mai gaskiya. Abin da muka yi a ƙungiyarmu shi ne muka ari tsarin rahoton Holiwud, muka bar musu farashin. Duk wanda ya kawo senariyo, mutum biyu ne za su karanta, a ba su sati biyu. Kowannensu zai rubuta shafi guda. Da farko ya faɗi labarin a jimla ɗaya kamar yadda ya fahimce shi. Wannan kaɗai ya isa darasi, domin sau da yawa jimlar mai karatu ba ta yi kama da wadda ke kan marubuci ba. Sannan ya faɗi shafin da ya fara gajiya, da fagen da ya fi tsaya masa a rai, da ɗan wasan da bai yarda da shi ba da dalili. An hana "ka yi ƙoƙari". An hana kuma "da ni ne da kaza zan yi", don ba labarinka ba ne. Bayan haka sai a taru a karanta da ƙarfi. Marubucin ba ya karanta ko layi ɗaya, ba ya kare kansa, yana zaune da biro yana kallon fuskoki. Inda aka fara taɓa waya, ya sa alama. Inda maganar ta ƙi fita a bakin mai karantawa, ya sa alama, don maganar da harshe ya ƙi ɗauka a fada ba za ta zauna a gaban kyamara ba. Kuɗin shiga guda ne: wanda aka karanta wa, shi ma zai karanta wa biyu.

Abin yana da wahalarsa, ba zan ɓoye ba. Mu mutane ne masu kara, faɗa wa aboki cewa rabin aikinsa bai yi ba yana da nauyi a baki, musamman idan ya girme ka ko tare kuke cin abinci. Wannan ne ma ainihin abin da kamfanonin can ke sayarwa: baƙon da ba ya jin kunyarka. To mu ma muna da baƙi a kusa. Ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi bai san na André Salifou a Damagaram ba. Na Djibo Hamani a Tawa bai san na Abdou Moumouni a Yamai ba. Harshe ɗaya, al'ada ɗaya, amma ba a haɗa ido a wurin mai shayi. Shawarata ga duk ƙungiyoyin da wannan ɗan littafi zai isa hannunsu ita ce mu yi musaya. A cire sunan marubuci daga shafin farko, a tura ta WhatsApp zuwa wani gari, rahoto ya dawo shi ma ba suna. Mutum ɗaya a kowace ƙungiya ya riƙe rajistar wa ya tura me da ranar da ya tura, don amana ta tsare kuma kowa ya sami shaida. Abin da zai ci mu mega ne kaɗan da haƙurin karatu.

Idan rubutu ya bi ta wannan hanya sau biyu ko uku, ya yi ƙarfi, kuma marubucin ya tabbata kasuwar waje yake nufa, to ya biya ƙwararre idan yana da hali, da kuɗin da rashinsu ba zai hana shi cin abinci ko biyan rajistar shekara ba. A lokacin zai karɓi rahoton a matsayin ra'ayin mutum ɗaya, ya ɗauki abin ɗauka ya bar na bari, domin ya riga ya ga yadda labarinsa ke aiki a fuskokin mutanen da aka rubuta shi dominsu. Wanda bai taɓa ganin haka ba, maki 5 zai karya masa gwiwa ya daina rubutu, maki 8 kuma ya kumbura masa kai, alhali duka biyun daga bakin mutum guda suka fito, a rana guda, wataƙila ma a gajiye.

Wanda ke da senariyo a ƙasan katifa ya fito da shi, ya kai wa ƙungiyar da ta fi kusa da shi. Wanda ba shi da nasa amma yana son fim, ya zo ya karanta na wasu, don masu karatu sun fi marubuta ƙaranci a cikinmu. Allah ya ba mu haƙurin faɗa wa juna gaskiya, da na jin ta.